Shekarar da Babanku Ya Ce In Ƙarasa Waƙar

Dauda da Hannatu, akwai maganar da na san kun daɗe kuna yi a bayan idona, wani lokaci ma a gabana da Turanci, kamar ba na ji. Kuna cewa na bar babanku ya koma gida shi kaɗai saboda waƙar Turawa. Ban taɓa tanka muku ba, domin a yadda aka rene ni mace ba ta baje abin da ke tsakaninta da mijinta a gaban 'ya'ya. Amma yanzu gwiwoyina sun fara ƙin matakala, wanda zai ba ni shaida kuma ba ya nan. Don haka zan ba ku labarin shekarar nan yadda ta same ni. Kada ku sa rai za ku gane komai in kun gama karantawa. Ni da abin ya faru a kaina ban gane ba.

A shekarar ne babanku ya yi ritaya daga tuƙin bas. Muna nan unguwar Park Hill ta New York, a benen da kuka tashi a ciki, inda ƙamshin miyar maƙwabtanmu 'yan Laberiya yake tarar mutum tun daga lifta. Ku kun riga kun bar gida, Dauda kana Bronx, Hannatu kina Brooklyn. Shirinmu tun da daɗewa guda ne: da an shiga sabuwar shekara mu tattara mu koma ƙauyenmu na kusa da Malumfashi, inda ƙanensa Bitrus ya yi shekaru yana tsaya mana a kan ginin gida. Har na faɗa a gidan kula da tsofaffin da nake aiki cewa bayan Kirsimeti ba za su ƙara ganina ba. Kwalaye sun fara taruwa a falo. Ana cikin haka, wata safiya ina canza zanin gado ina 'yar waƙata, sai abokiyar aikina Luz, wata gajeriyar 'yar Filifin mai saurin baki, ta tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu.

"Rifkatu, wannan muryar asara ce a ɗakin nan," in ji ta da irin Turancinta. "Ki zo kwayarmu ran Asabar."

Da na ji kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa, sai raina ya ba ni coci. Kun san tun ina budurwa ni ke ba da waƙa a zumuntar mata, sauran su amsa, ana buga tulu ana kaɗa caki. A nan ma, a 'yar zumuntarmu ta Hausa da ke Tremont, ni ke tayar da waƙa. Na ce a raina, 'yan watanni ne suka rage mini a ƙasar nan, bari in je in yi wa Ubangiji waƙa da mutanen Luz. Ran Asabar da rana na ɗaura ɗankwali, na ɗauki Littafi Mai Tsarki, na hau bas zuwa feri, jirgin ruwan nan na fito, na haye Manhattan. Luz ta tarye ni a ƙofar wani tsohon coci, amma maimakon mu shiga ciki sai muka gangara ƙarƙashin ƙasa. Ɗakin cike yake da mutane, tsofaffi sun fi yawa, kowa da kofin kofi a hannu. Ga wani dattijo da 'yar hular Yahudawa, ga wata yarinya 'yar Sin da jakar makaranta, ga wani ƙato da daga baya na ji tsohon ɗan sanda ne. Na zauna na sunkuyar da kai ina jiran addu'ar buɗewa. Ba a yi ba. Sai wani siririn mutum mai farin gashi ya fito gaba, shi ne shugaban mawaƙan, Mista Lenad, ya sa kowa ya miƙe ya yi miƙa, ya yi hamma da ƙarfi, sannan manyan mutane masu jikoki suka shiga kaɗa leɓe suna burrr kamar yara masu wasan mota. Na dubi ƙofa, na auna nisanta.

Kafin in samu hanyar sulalewa Luz ta ja ni gaban fiyano. Mista Lenad ya taɓa, ya ce in bi. Na bi shi sama, na bi shi ƙasa. Ya ɗaga kai ya ce kalma ɗaya, alto, Luz ta yi tafi. Na matsa kusa da ita na tambaye ta a hankali ko wani laifi ne a muryar. Ta yi dariya ta zaunar da ni kusa da ita, aka miƙo mini littafi da fensir. Na buɗe, sai layuka da baƙaƙen ɗigo kamar tsuntsaye sun sauka a kan wayoyin lantarki. Kalmomin da ke ƙasa kuwa ba Turanci ba ne, Jamusanci ne, wai wani Bajamushe ya tsara waƙar tun kafin a haifi kakan kakana.

"Luz, wace ɗariƙa ce wannan?"

"Ba ɗariƙa ba ce. Ɗakin kawai muke haya."

"To wa ake yi wa waƙar?"

Can ta ce mutanen unguwa ne kawai masu son waƙa, suna fita gaban jama'a sau uku a shekara, a Disamba da Maris da Mayu, kuma duk wanda ya karɓi littafi ana sa ran zai tsaya har ƙarshe. Da aka tashi na je na gaya wa Mista Lenad gaskiya, cewa ni Janairu zan bar ƙasar. Ya ce in yi ta farko tukuna.

Ban san yadda zan kwatanta muku ruɗanin makonnin nan ba. A wurinmu waƙa magana ce: ɗaya ta bayar, jama'a su amsa, kowa ya san inda aka dosa. A can kuwa an raba mutane gida huɗu, kowane gida da abin da yake faɗi, kuma a lokaci guda. Maza masu babbar murya su fara, kafin su kai tsakiyar jimla wasu su ɗauko ta daga farko, sannan mu, sannan masu siririyar murya, kamar mutum ya tsaya a tsakiyar kasuwa. Wani lokaci mu yi shiru mai tsawo, kowa yana motsa baki yana lissafi, sai farat ɗaya a shigo tare, ni kuwa ina shafin baya. Abin da aka ba mu mu 'yan alto ko kama da waƙa bai yi ba. Mu hau kaɗan, mu sauka kaɗan, mu tsaya a wuri ɗaya.

"Wai ina waƙar take?" na tambayi Luz.

"Tana sama, wurin waɗancan matan. Mu riƙe ta muke yi daga ƙasa."

"Faɗuwa za ta yi?"

Inda na gane kuwa, sai in saki murya yadda na saba, muryar da a ƙauye ake ji daga bakin rijiya. Wata Asabar Mista Lenad ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya. Ya ce akwai wata a alto mai kyakkyawar murya, matsalar ita ce yana jin ta. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba, amma kunnuwana suka yi zafi. Bayan an tashi ya same ni ya ce in riƙa sauraron ta kusa da ni fiye da yadda nake sauraron kaina, in dai ina jin muryata to ta yi yawa. Na yi ta juya maganar a cikin feri. An kira ni saboda murya, an ce kuma kada a ji ta. Har muka wuce mutum-mutumin matar nan mai riƙe da fitila ban ga kan zancen ba.

Za ku ce to me ya mayar da ni. Ni ma na tambayi kaina. Abin da zan iya faɗi shi ne, wata rana mun kai wani wuri da mu 'yan alto muke riƙe sauti ɗaya mai tsawo, sauran suna zagaye mu. A ranar na rage murya don kunya. Sai na ji wani abu ya haɗu, ya cika ɗakin, ya shiga haƙarƙarina yana rawa, ban san daga bakin wa yake fitowa ba, kuma na san in na saki zai rushe. Bai fi numfashi biyu ba. Da ya wuce na duba littafi na ga na sake ɓata. Amma duk makon ina aiki ina tunanin abin nan.

Tunda ba na iya karanta ɗigon, Luz ta rera mini namu ɓangaren a waya, na riƙa sakawa a kicin ina bi. Babanku yana falo yana ɗaure kwalaye.

"Maman Dauda, wannan kuma mece ce? Tun ɗazu kina kan murya ɗaya kamar injin markaɗe."

"Alto ce."

"Allah ya ba ta lafiya."

Da Disamba ta matso aka ce kowa ya sa baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa. Na kai yadi wurin Hajiya Mariama, maƙwabciyarmu 'yar Maraɗi mai ɗinki a ɗakinta. Ta ɗaga yadin ta dube ni.

"Lahiya, Rifkatu? Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Hajiya. Waƙar Kirsimeti za mu yi."

"Sallarku ta haihuwa, ku sa baƙi? To, Allah shi kyauta."

Ranar Lahadi da rana aka yi, a saman cocin, da masu goge da masu busa. Hannatu, kin zo, kin tuna. Babanku ya sa farar babbar rigarsa da hula, ya zauna can gaba, shi kaɗai yana haske a cikin mutane masu jakunkunan sanyi. Ba wanda ya gaya masa, domin ni ma ba wanda ya gaya mini, cewa irin wannan waƙa kashi-kashi ce, kuma ba a tafi sai an kai ƙarshen duka. Muna gama kashin farko wuri ya yi tsit, sai babanku ya buga tafi da manyan hannuwan nan nasa, ya ce "Amin!" har ta dawo daga rufi. Kawuna suka juya. Na hango ki kina nutsewa a kujera. Mista Lenad ya ɗan waiwaya, ya sunkuyar masa da kai, ya ci gaba. Daga nan har aka tashi babanku hannuwansa suna tsakanin gwiwoyinsa.

Ke kika hau jirgin ƙasa zuwa Brooklyn, mu muka nufi feri. Abin da ya faru a cikin ferin nan shi ne ba ku sani ba. Mun zauna ciki kusa da taga, rana tana shirin faɗuwa. Ya zuba wa ruwa ido, na ɗauka kunyar tafin ce take cin sa.

"Saura nawa?" in ji shi.

"Me?"

"Irin wannan taron."

"Biyu. Amma na riga na gaya wa mutumin ba na nan."

"Ki koma ki ce masa kina nan."

Na zaci wasa yake yi. Ya ce a'a, shi zai yi gaba a Janairu, ni in biyo shi in an gama a watan Mayu. Ya ce Bitrus ya gaya masa rufin yana yoyo sai an sake kwano, rijiya ma ba a gama ba, gidan bai dace da macen da ta saba da ruwan zafi a famfo ba. Na ce masa a ɗakin laka aka haife ni. Na ce shekara nawa muna shirin nan tare, wace irin waƙa ce za ta raba mu. Na tambaye shi ko haushin kallon da aka yi masa ne, ko wani abu na yi. Ya yi dariyar nan tasa da ba ta da sauti, sai kafaɗu.

"Waƙar ta yi maka daɗi ne haka?"

"Ko kalma ɗaya ban gane ba."

"To don me, Baban Dauda?"

"Kin ɗauki abu, ki ƙarasa. Ki zo ki tarar da gida."

Na musa masa har muka sauka, na musa masa a bas, na yi kwanaki ina musa masa a ɗaki. A gabanku ne kawai na yi shiru. Ranar Kirsimeti, muna kan tebur, shi da kansa ya sanar da ku. Ga yadda ya faɗa, yana yagar kaza: "Mamanku ta zama tauraruwa, ta ce sai ta gama waƙarta." Hannatu kika ajiye cokali, kika tambaye ni da Turanci ko da gaske zan bar shi ya tafi shi kaɗai saboda kwaya. Na dube shi ina jiran ya gyara maganar. Ya ci gaba da cin kazarsa. Daga wannan teburin labarin da kuke riƙe da shi ya fito.

Akwai abin da na gani a lokacin, ba zan ɓoye ba. Ya rame. Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa. Da na yi magana ya ce likita ne ya ce ya rage tuwo da gishiri, kuma mutumin da ya bar zaman kujerar bas dole tumbi ya sauka. Maganar ta shiga hankali. Dauda, kai ka kai shi filin jirgi, na dawo falon da rabin kwalayen suka tafi, rabi suka tsaya. Na koma wurin aiki na roƙa a bar ni zuwa Mayu.

Waƙar Maris da harshen Latin take. Na yi makonni ina haddace sautuka kamar aku, sai wata rana a lokacin shan kofi na tambayi Luz ma'anarsu. Ta ce addu'ar matattu ce, irin ta Katolika, ana roƙa musu hutu. A cocinmu an koya mana wanda ya tafi ya tafi, ba a yi masa roƙo. Na dubi dattijon nan mai hular Yahudawa, yana rera ta da iyakar ƙarfinsa, yarinyar 'yar Sin kuma ta taɓa gaya mini ita ba ta bin kowane addini. To in ba addu'a muke yi ba, me ya sa muke faɗin kalmomin? In kuwa addu'a ce, ta wa ce, wa ake yi wa? Na kira babanku. Kullum da murya kawai muke magana, ya ce sabis ɗin ƙauye ba ya ɗaukar bidiyo. Na zayyana masa damuwata.

"Rera mini in ji," in ji shi.

Na tsaya a kicin na rera masa namu ɓangaren, wanda ba ya hawa ba ya sauka.

"Har yanzu injin bai gyaru ba."

"To in bari ke nan?"

"A'a. Sake yi."

Na sake. Sannan ya ce ana kiransa wurin masu rufi. Daga ranar, kusan duk kiran da muka yi sai ya ce in rera masa. Na ɗauka tsokana ce. Ko da na tambayi rufi sai ya ce ana kai.

Ranar taron Maris ba wanda ya zo a cikinku. Ban riƙe ku ba. Ƙarshen waƙar a hankali yake tafiya, yana raguwa har ya ɓace, kuma Mista Lenad ya bar hannunsa a sama, ba wanda ya motsa a duk zauren. Wata mata a layin gaba tana share ido. Ni ina tsaye cikin baƙar rigata ina tunanin ko na yi zunubi ne, ko ibada, ko kuwa ba ko ɗaya.

Bayan Ista da 'yan kwanaki, da safe ina ba wata tsohuwa shayi, wayata ta yi ƙara. Bitrus ne.

"Yaya Rifkatu, Yaya ya tafi."

"Ya tafi ina? Katsina?"

"Ya tafi gida."

"Ba a gida yake ba?"

Sai na ji kukan mata a bayansa. Tsohuwar da nake ba shayi ce ta karɓi kofin daga hannuna.

Tafiyar kun sani, tare muka yi ta. Abin da ba ku lura da shi ba shi ne abin da na fara duba da motar ta tsaya. Na ɗaga kai na dubi rufin. Kwanon ba sabo ba ne, ƙusoshin har sun fara tsatsa, kashin tattabaru ya yi layi a kai. Na zagaya baya, ga rijiya da murfinta, simintin bakinta ya yi kore. Bayan an yi jana'iza na ja Bitrus gefe.

"Yaushe aka sake rufin nan?"

"Sakewa? Ba a sake ba. Tun bara waccan aka gama shi, bai taɓa yoyo ba. Ai Yaya ya sani."

Bitrus ya ce tun ranar da babanku ya sauka ya zo da wata 'yar jaka ta magunguna da ba ya barin kowa ya taɓa, kuma bayan rasuwar ba a gan ta ba. Shi a ganinsa babanku ya san abin da ke jikinsa tun daga New York, ya zo ne ya kwanta kusa da iyayensa, bai kuma so in zauna ina kallonsa yana ƙarewa ba, ni da na yi shekaru ina wannan aikin a kan iyayen wasu. Amma Gwaggonku Saratu, yayar babanku, ta ce sam. Ta ce lafiyarsa lau, yana zuwa gona, yana cin tuwo malmala biyu, zazzaɓi ne ya kwantar da shi 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Ta faɗi haka a tsakar gida, mata suna zaune, sannan ta juyo gare ni.

"Da matarsa na kusa, da an lura da wuri. Amma ya ce kin ce sai kin gama waƙa."

Hannatu, kina tsaye a bayana riƙe da buta. Na ji lokacin da kika ajiye ta kika fita. Na buɗe baki in ce shi ya sa ni, sai na ga yadda za ta fito: mace tana ɗora wa mijinta laifi ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba. Na rufe bakin.

Ana gobe za mu taso, Bitrus ya ƙara mini wani abu. Ya ce da yamma babanku yakan zauna da dattawa a gindin darbejiya, ya ɗauki kara ya riƙa kaɗa shi a iska yana nuna musu yadda Baturen nan shugaban mawaƙanmu yake yi. Yana ce musu mutane sun cika dandamali, ga goge ga ƙaho, amma duk cikinsu muryar matarsa yake ji. Na rasa abin da zan yi da wannan maganar. Mutumin da ya kira ni injin markaɗe. Mutumin da ya gaya wa yayarsa ni na ƙi zuwa. Ko da dariya ya faɗa mata ita ta ɗauka da zafi, ko da ɗaci ya faɗa, ba mai iya gaya mini.

Da muka dawo na je har ƙofar asibitin da yake ganin likita. Na tsaya a waje, mutane suna shiga suna fita. Na ga in likitan ya ce e, ya sani, to mijina ya dube ni a cikin feri ya yi mini ƙaryar rufi, ya hana ni riƙe hannunsa. In kuma ya ce a'a, lafiyarsa ƙalau, to ya raba mu ne a banza, ko kuwa akwai dalilin da ya fi wannan zafi. Ban ga wadda zan iya ɗauka ba. Na juya na hau bas.

Taron Mayu ya matso. Na yi fashin Asabar da yawa, kuma dokarsu ce wanda ya yi haka ba ya hawa dandamali. Na je ne kawai in mayar da littafi. Ina gangarawa Luz ta hango ni, ta taso ta rungume ni, tsohon ɗan sandan nan ya cire hularsa. Mista Lenad ya ƙi karɓar littafin. Ya ce in tsaya a wurina, inda na sani in rera, inda ban sani ba in saurara. Waƙoƙin kuwa na bazara ne, na tsuntsaye da furanni da samari masu jiran 'yan mata a bakin rafi. Matar fastonmu ta Tremont ta ji labari, ta hau feri ta zo har gida. Ta yi mini magana da ladabi, ta ce ba a hana ni ba, amma in duba, ƙasar kabari ɗanya, mutane suna da baki, 'ya'yana ma suna kallo. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Na raka ta bakin lifta, na dawo na zauna a kan kwali. Abu ɗaya ne kawai a duk shekarar nan da babanku ya faɗa mini a fili, ba wasa ba kwana: ki ƙarasa. Sauran duk ban san wanne ne gaskiya ba.

Na ƙarasa. Kada ku zaci wani abin mamaki ya faru. Na tsaya a layin baya, rabin waƙoƙin baki kawai na motsa, raina bai ji daɗi ba, bai ji ɗaci ba, kamar ina wanke kwanuka. Aka yi tafi, aka rusuna, aka sauka ƙasa ana cin biskit. Ina tsaye da kofi a hannu sai ya faɗo mini cewa na gama, kuma ba wanda zan bi. Aiki na riga na yi sallama da shi, kayana rabi suna Malumfashi. Luz ta tambaye ni ko za a gan ni a watan Satumba in an sake farawa, na ce mata ban sani ba. Aka gan ni. Shekaru da yawa aka yi ta ganina, har gwiwa ta hana. Ɗigon nan kuwa har na bari ban iya karanta su sosai ba.

Abin da ya biyo baya kun fi ni sani. A zumunta ba wanda ya ce mini komai, wata ce kawai ta fara tayar da waƙa, ni na koma cikin masu amshi. Hannatu kika yi kusan shekara ba ki ɗaga wayata, da kika fara ɗagawa kuma muka riƙa zagaye maganar kamar rami a hanya. Dauda, kai ba ka taɓa cewa komai ba, amma na lura duk ranar da na ambaci kwaya sai ka tashi ka duba wani abu a mota.

Ban rubuta wannan don ku ce na yi daidai ba. Wata rana nakan ga ya kamata in yi kunnen ƙashi in hau jirgin nan tare da shi, wata rana in ga kyauta ce ya ba ni, ita ce ta ƙarshe da yake da ita, wata rana kuma in ji haushinsa har in ƙi kallon hotonsa. Abin da nake so ku riƙe kaɗan ne: ba ni na ce zan zauna ba. Dalilinsa kuwa, ba ni da shi da zan ba ku. Na riga na gaya wa Bitrus a bar mini wuri kusa da shi, ku kuma kada ku yi mini gardamar nisa in lokacin ya yi. Ku kai ni can. Akwai tambayar da zan yi wa babanku, kuma wannan karon ba zai amsa mini da kafaɗa ba.